Zuwa ga Yaya a Damagaram, a kan kuɗin gero da buhun da ke ɗakin Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna, da iyalinka, da duk mutanen gida manya da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya aka ji da girbi? Ni nan Legas lafiya lau, sai godiyar Allah. Na ɗan yi zazzaɓi kwanakin baya amma ya wuce, kada ka faɗa wa Inna, bai kai abin da za a ɗaga mata hankali ba.

Na zaɓi in rubuta maka ne don a waya ba ma gama magana, ko kati ya ƙare ko mutane su cika wurin, kuma abin da ke raina ba na gaban mutane ba ne.

Da farko maganar kuɗi. Na ba Alhajin canji na nan Agege, ka je wurin ƙaninsa a Kasuwar Dole ka karɓi jaka 80 na sefa. Jaka 40 a sayi gero yanzu da kaka tun bai hau ba, a zuba a rumbu. Jaka 15 maganin Inna. Jaka 15 na lekol ɗin yara. Jaka 10 ka ba mai ɗakina a hannunta. Kai da kanka za ka je, kada ka aiki Auta, ko dala ɗaya kada ta bi ta hannunsa. Na san ba su da yawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, naira ta zube, abin da nake tarawa in an juya shi sefa sai ka ga kamar ban yi aiki ba. Ga kuɗin ɗaki an ƙara mana, ga kuɗin mota. Amma ana ci ana sha, alhamdu lillahi.

To Yaya, labari ya iso ni. An ce ɗan Kawu da ya dawo gida ya zauna a ƙofar masallaci yana cewa na zama mai tsince-tsince a bola, ina zuba kuɗina a kayan wasan yara, dare ya yi in zauna ina wasa kamar ɗan goye. Har an ce Gwaggo ta ce a nemo mini rubutu in sha, wai ko an yi mini wani abu ne. Wallahi ranar da na ji ban iya cin abinci ba. Mutumin nan a ɗakina ya sauka, tabarma ɗaya muka kwana, ni na cika masa kuɗin motar komawa. Ban ce ka yi masa magana ba, ɗan'uwa ne. Amma kai nake so ka san gaskiyar abin daga bakina, ka kuma zaunar da Inna ka faɗa mata a hankali.

Ka san tun watan Yuni na 2022 da gwamnatin Legas ta hana kabu-kabu a Ikeja da Apapa da Surulere da wasu ƙananan hukumomi, na sayar da babur na koma wurin maigidana a kasuwar Katangua, can Abule Egba. Kayan wasan yara na gwanjo muke sayarwa. Da asuba ake yanka dila, a zazzage a kan leda, mu ware. 'Yar tsana gefe, motoci gefe, masu batir gefe. Can ƙarshe sai a bar tarkace a ƙasa, a ciki ake tsince 'yan bulo ɗin roba masu ƙurajen nan a kai da ake harhaɗawa a yi gini, Lego. Waɗannan suna da kasuwa, masu makarantu da matan manya suna saye da awo. Abin da bai shiga jikin bulo ba kuwa, a buhu ake tura shi wurin masu niƙa roba.

A cikin abin da ake turawa niƙa na riƙa ganin wasu sanduna na roba, ja da rawaya da kore da baƙi, wasu miƙaƙƙu wasu masu lanƙwasa, da ramuka a jikinsu. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan mahaɗai. Wata rana ba ciniki, na ɗauki sanda biyu da mahaɗi ɗaya na danna, sai na ji ƙas, sun kama juna gam. Na ƙara wata, na ƙara wata, kafin la'asar na ga gangar mota a hannuna. Yaya, motar karan nan ce da kake yi mini a bayan rumbu muna yara, kana fere kara da reza kana soka tsinke, ni ina riƙe maka taya. Ba ta da bango, ƙashi ne kawai, kana hango ciki ta kowane gefe. Abin da ya kama zuciyata ke nan, ba wani abu ba.

Na rataye ta a bakin rumfa. Wani injiniya Bayarabe da ke saya wa ɗansa kaya a wurinmu ya gani, ya tsaya, ya juya ta, ya nuna mini sunan kamfanin da aka rubuta da ƙanana a jikin roba, sannan ya buɗe waya ya nuna mini hotunansu. Sunan kayan Znap, kuma kamfanin Lego ɗin ne ya yi su. Daga baya na bi na karanta da kaina. Kamfanin a ƙasar Denmak yake, a wani gari Billund, wani kafinta Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. Bulon da aka sani a 1958 suka yi masa rajista, kuma na wancan lokacin har yau yana shiga jikin sabo. To a 1992 wani kamfani a Amurka ya fito da nasa kayan na sanduna da mahaɗai, K'Nex, ya samu kasuwa. Su kuma na Denmak suka ce ba za a bar su a baya ba, suka fito da Znap a 1998. Mutane suka ƙi saye. Yaron da ke da kwali cike da bulo, in an kawo masa wannan ba ya hawa kan bulonsa, me zai yi da shi? A 1999 aka daina yi. A shekarar 1998 ɗin ma kamfanin ya yi asara, har ya sallami ma'aikata wajen 1,000. Suka sake gwada wani a 2002, Galidor, mutum-mutumi ne da ake cire masa hannu da ƙafa a canza, shi ma ya faɗi. Sai da suka kusa rufewa a 2003 da 2004 kafin suka koma kan bulonsu na asali.

Ka ga ke nan Znap ɗin nan ba a ƙara yin ko guda. Abin da ya rage a duniya shi ne wanda aka yi a shekarun nan biyu, yaran da aka saya wa sun girma sun yi 'ya'ya, iyayensu suka kwashe suka bayar sadaka, ya bi jirgin ruwa ya zo ya faɗo gabana a Katangua. In ban tsince ba injin niƙa zai cinye.

Ba zan yi maka ƙarya in ce jari nake tarawa ba. Ko a can ƙasashen da aka yi shi ba shi da daraja, masu tara Lego ma ba su cika waiwayarsa ba. Akwai kasuwarsu a intanet, BrickLink, wadda kamfanin ya saye a 2019, na duba na gani da idona, araha ne. Ni kuma nan kusan kyauta nake samu. Maigidana ya ce duk abin da za a tura niƙa in ɗiba, yaran rumfunan maƙwabta in sun tsinto mini nakan ba su na shayi. A wata bai kai kuɗin katin waya ba. Wannan shi ne dukiyar da aka ce ina ɓarnatarwa. Injiniyan nan ma ya sayi rarar da nake da ita, kuɗin suna cikin na kwanon da aka rufa ɗakin Inna bara. Ka tambayi ɗan Kawu ko ya faɗi wannan a ƙofar masallaci.

In na dawo bayan isha'i nakan jiƙa su a bokiti da omo, in bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, don wasu da ƙasa suke zuwa, wasu da busasshen cingam. A inuwa nake shanyawa, rana tana kashe musu kala. Sai in ware su a gwangwanayen madara, dogaye daban, masu lanƙwasa daban. Wahalar duk a mahaɗan take. Ƙanana ne, su suka fi ɓacewa tun daga can, sai ka tara sanduna cike da leda ba abin da za ka haɗa su da shi. Babu takardar da ke nuna yadda ake haɗawa, ba ta zuwa a dila, hoto nake kallo a waya ina ƙirga ramuka. Yanzu ina da mota da jirgin sama da na gama, ina kan wata babba mai taya huɗu manya. Watan jiya na ci karo da ɗan injin da ke juya taya, wanda ke zuwa a wasu kwalayen. Batir ya yi tsatsa a akwatinsa, na kankare da wuƙa na goge, na sa sabo. Da ya yi ƙara ya fara juyawa, duk 'yan ɗakinmu sai da suka taso, har dattijon nan mai sayar da goro da ba ya dariya.

Yaya, ka san Legas da dare. Mu shida ne a ɗaki. Na ga yaran da muka zo tare, na kirki, sun faɗa cacar ƙwallo a waya, wasu sun faɗa ƙwaya, wasu an daina jin ɗuriyarsu a gida. Ni in na idar da salla ina ɗaki hannuna yana aiki, har barci ya ɗauke ni. Ban taɓa fashin aiko muku ba ko lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli na 2023, da sai an zagaya kafin saƙo ya isa. Wanda ke da hankali ya auna.

Amma na san ban kyauta muku ba da ban zo sallar bana ba. Inna ta tsufa, kai kaɗai na bari da gona da asibiti da rigimar Auta. Ɗana in an ba shi waya sai ya yi shiru, sai uwarsa ta ce masa Babanka ne. Wannan yana cina fiye da maganar mutane. Ka yafe mini, ka roƙa mini Inna.

Sai maganar buhu. Ka tuna farin buhun da na zo da shi babbar sallar bara na tura ƙarƙashin gadon Inna, saboda ruwa yana shiga ɗakinmu nan da damina. Waɗannan kayan ne a ciki, kuma su ne na farko da na tara. An ce mini Auta ya jawo shi ya kwance, yana cewa zai kai wa masu sayen tsohuwar roba a auna masa. Don girman Allah ka hana shi. Abin da za su ba shi ba zai sayi kwanon gero ba, ni kuwa in ya tafi ba inda zan samo wani. Ka ɗauke buhun ka kai ɗakinka ka sa a akwatinka mai kwaɗo. A cikinsa akwai wata baƙar leda ƙulle da zare, mahaɗan ne, ita nake so ka ba mai kawo maka takardar nan in zai juyo, ta Matamaye da Daura zai biyo. Ka ƙara mata wata leda ka ɗaure da kyau. Sauran ka bar su, in yara sun taso daga makarantar allo ka shimfiɗa musu tabarma ka zuba musu manyan sandunan, ɗana da naka su yi wasa a gabanka, in sun gama a tattara a mayar. Ka ɗebar musu mahaɗi kaɗan daga ledar kafin ka ɗaure. Kada a bar jaririyar kusa, za ta kai baki. Kai da ka iya motar kara ka nuna wa ɗana yadda ake kafa gindi kafin a ɗora sama, zai gane, na ga hannunsa.

Shi kuma Auta, ba buhun ne kaɗai damuwata ba. Yaron da ya fara duba abin sayarwa a ɗakin uwarsa akwai abin da ke cinsa. Ka bincika mini wayarsa da abokan da yake zama da su a bakin tasha. In caca ce ka faɗa mini kada ka ɓoye. Kuma ka ce masa maganar zuwa Legas ya bar ta tukuna, ba ni da wurin ajiye shi, kuma kabu-kabun da yake hange ba kamar da ba ne, kama babura ake yi. Ya tsaya ya taya ka sussuka. In ya nutsu zuwa bazara zan yi wa maigidana magana.

Ina sake tuna maka, jaka 40 na gero ne, kada a taɓa su don biki ko suna, ko wa ya zo da kuka. Maganin Inna a saya a kantin magani na gaskiya, ba na masu tallar bakin kasuwa ba. In ka karɓa ka yi mini filashin in kira.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce tana cikin addu'ata kullum. Ka gaishe da Gwaggo, ka ce mata lafiyata ƙalau, rubutun ta bar shi, addu'arta ta ishe ni. Ka gaishe da Kawu da Malam da mutanen majalisa. Akwai atamfa turmi ɗaya ta Inna da takalman yara tare da mai takardar, ka duba ka tabbatar sun cika kafin ya wuce.

Wassalam.

Naka, ƙaninka.