Haddar jerin kalmomi ba za ta buɗe wa ɗalibi Shakespeare ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da malamai da ɗaliban da ke shirin jarrabawar adabin Turanci ta WAEC da NECO. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗora wa yara jerin manyan kalmomi su haddace, amma da sun buɗe wasan kwaikwayon Shakespeare, shahararren marubucin Ingila, sai su yi turus.

Baƙuwar kalma ba ta cika kayar da yaro ba, don da ya gan ta zai ɗauko ƙamus. Wadda ke yi masa illa ita ce wadda yake zaton ya sani. Shakespeare ya rasu a 1616, kuma ma'anoni da yawa sun sauya tun daga lokacin. A bakinsa "presently" yawanci nan take ne, "still" sau da yawa kullum yake nufi, "fond" kuma wauta. "Wherefore" tambaya ce ta "don me", ba "ina" ba. Ƙamus na ɗalibai ma'anar yau yake sawa a gaba, tsohuwar kuwa ko dai tana can ƙarshe ko babu ita, sai yaro ya ɗauki ta farko ya juya zancen gaba ɗaya.

Akwai inda Bahaushe ya yi sa'a. Yadda muke ce wa babba "ku", tsara kuma "kai", haka "you" take ta girmamawa, "thou" kuma ta kusanci ko raini. In ɗan wasa ya sauka daga "you" zuwa "thou" a tsakiyar magana, to ko fushi ya taso ko zumunci ya ƙaru. Wannan kaɗai ya isa darasi guda.

Ga yadda ya kamata a yi. Ɗalibi ya karanta fitowa ɗaya a bayyane ba tare da tsayawa ba, yana ja wa abin da ya shige masa layi da fensir. A karatu na biyu ya zaɓi kalma biyar zuwa takwas kawai, ya kwafe kowace tare da cikakkiyar jimlarta da sunan mai faɗinta. Ya waiwaye su washegari, bayan kwana uku, bayan mako, sannan bayan wata. Kalmar da aka cire daga jimlarta ba ta daɗewa a ka.

A koya masa saiwoyin Latin ma, kamar yadda mai sarfu ke gano kalmomi da yawa daga asali ɗaya: "bene" alheri, "mal" sharri, "cred" yarda.

Ina kira ga makarantu su sayi bugun da ke da sharhi a gefen shafi, ko da kwafi goma ne a ɗakin karatu, su daina dogara da ƴan littattafan taƙaitawa.

Wassalam,
Wani malamin adabin Turanci, Zariya