Wasiƙa zuwa ga Habu: tafkinku na Turkiyya da Tiganmu

Kadawa,
Ƙaramar Hukumar Garun Malam,
Jihar Kano.
24 ga Afrilu.

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ka san bazarar Kano, ba sai na ba ka labari ba, amma ta bana ta zo da fushi. Ruwan randa ma ɗumi yake yi. Kaji sun koma gindin rumbu sun saki fukafukai, baki buɗe. Da dare sai an yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin a shimfiɗa tabarma, duk da haka sai wajen asuba barci yake yin daɗi. Masu duba waya sun ce ma'aunin zafi kullum yana haura 40. Ni dai ma'aunina shi ne sirdin babur, in na manta shi a rana.

A cikin wannan hali hotunanka suka shigo ta WhatsApp. Allah ya isa tsakanina da kai, Habu. Mutum yana zaune gindin darbejiya yana fifita da kwali, sai ka turo masa tafki kwance tsakanin duwatsu, itatuwa shar har sama, hazo ya sauko ya rungume kan tudu, ga masallaci mai hasumiya biyu a bakin ruwa, kai kuma ka sha rigar sanyi kana dariya, wai a watan Yuli aka ɗauka. Wayar ta zaga majalisa kaf. Malam Iro ya rantse hoton kalanda ne ka liƙa kanka a jiki. Sai da na karanta musu bayaninka, cewa sunan wurin Uzungol, a yankin Tarabzon, ma'anar sunan kuma dogon tafki, kuma zaftarewar ƙasa ce ta tare ƙorama har ruwan ya taru. Nan ma Malam Iro bai sauko ba, ya ce to Allah ne ya yi musu dam kyauta, mu sai da Audu Bako ya sha wahala.

Tambayar da ka yi a ƙarshe ita ta hana ni sakat. Ka ce in ka zo hutu, akwai wani wuri a nan kusa da za mu je mu hau dutse mu sha iska a bakin ruwa, kamar yadda mutanen can suke yi? Da farko dariya na yi. Da na faɗa wa Inna, cewa ta yi: “Me ya ajiye a kan dutsen? Ni dutsen da na san ana wahala a je masa Arfa ne, shi ma don lada.” Amma da na kwanta sai abin ya dawo mini. Shekara nawa ina noman rani da ruwan Tiga? Tun ina bin Baba gona da ƙaramar fartanya. Da ruwan nan aka yi kuɗin makarantarmu, da shi na yi aure. Kuma ban taɓa taka ƙafata na je na ga inda yake kwance ba. Abin da na sani kawai, an sako ruwa ko an rufe ruwa.

Don haka ranar Lahadin da ta wuce na ɗauki ƙanena Sale a babur muka tafi. Alkama an gama yanka, tumatir ya ƙare, sharar gona ba ta kankama ba, ba mu da wani uzuri. Niyyarmu mu fita da sassafe, sai taya ta yi faci tun kafin mu hau titi, mai facin kuma sai da ya gama karin kumallonsa a tsanake. Muka bi ta Bagauda, inda tsohon otal ɗin nan na bakin tafki ya zama makarantar horar da lauyoyi, ba mu isa Tiga ba sai da rana ta take tsaka.

Ka san halin ɗan ƙauye in ya ƙudurta abu. Muna isa na hango wani dutse fale-fale a gefen ruwa, na ce wa Sale ai ga abin da ya kawo mu. Silifas ne a ƙafata. Ban yi rabin hawa ba hancin na dama ya fita. Na sa ƙafa a kan dutsen nan, wallahi tanda ce. Na ɗaga wannan na ajiye waccan, ina rawar da ba kiɗa, Sale yana ƙasa ya riƙe ciki. Da na dafa da hannu, hannun ma ya ƙone. Ƙadangaru kaɗai ke wurin, su ma a cikin tsaga suka leƙo suna gyaɗa mini kai. Da gindi na sauko.

Wani dattijo masunci yana zaune ƙarƙashin rumfar kara yana ɗinkin koma, ashe duk yana kallo. Ya ce: “Samari, daga ina?” Na ce Kadawa. Ya ce: “To a Kadawa ba a faɗa muku ko akuya ba ta hawa dutse da azahar a bazara ba?” Ya matsa mana a tabarma, ya ɗauko wani guntun zaren koma ya ɗaure mini silifas. A nan muka yi salla, muka sayi soyayyar karfasa da yaji a takarda, muka ci har da kawunan. Ya ce mu jira la'asar ta yi sanyi.

Da gaskiyarsa. Wajen ƙarfe biyar muka sake hawa, a hankali, ta inda ya nuna mana. Habu, ban san haka abin yake ba. Ruwa ne har inda ido ya tsaya, ba ka ganin ɗaya gaɓar sai wani shuɗi-shuɗin tuddai can kudu. Duwatsu sun leƙo daga cikinsa nan da can. Kwalekwalen masunta daga sama kamar ɓawon gyaɗa. Wani garken shanu ya gangaro shan ruwa, belbelu suna biye. Sai iska. Iskar da ta ratso kan ruwa ta daki rigata da gumi ya jiƙa, har sai da tsigar jikina ta tashi. Rabona da in ji sanyi irin wannan tun hunturu. Sale da ba ya rufe baki ya yi shiru.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani farin zane a jikin duwatsun bakin ruwa, ya fi tsayina nesa ba kusa ba. Shaidar inda ruwa ya kai ne da kaka. Daga zanen zuwa inda ruwan yake yanzu, wani rana ta sha, wani ya tafi famfunan birni, wani kuma mu muka sha shi: alkamata, tumatirin Malam Iro, albasar mutanen Kura. Na tuna daren da muka kusa ba hammata iska da maƙwabcin gona a bakin kanal, kan wa zai fara buɗe ruwa. Ga uwar ruwan nan kwance, ko a jikinta.

A zamanin Audu Bako aka yi aikin, an fara 1971 an gama 1974, a kan Kogin Kano. Bangon da ya tare ruwan ya kusa kilomita 6, in tafkin ya cika kuma yana rufe wajen murabba'in kilomita 180. Na san dangin mahaifiyarka na Haɗeja ba sa jin daɗin wannan lissafi. Tun da aka tare kogin nan, aka ƙara da na Challawa a Ƙaraye a 1992, ambaliyar da take cika fadamunsu kowace damina ta ragu, ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Daɗin da na ji a kan dutsen nan, wani ne ya biya wani ɓangare na kuɗinsa. Kada dai ka faɗa wa kawunka na amsa laifi.

Sale ya so ya faɗa ruwa, na hana shi. Ka tuna shekarar da ni da kai muka yi fitsarin jini saboda wankan kanal, manyan yara suna ce mana alamar girma ce? Tsargiya ce, kuma ruwan da yake kwance da dodon koɗi a gefensa shi ne gidanta. Wani yaro mai kwalekwale ma ya yi mana tayin zagaye, na duba ban ga rigar ruwa ko ɗaya ba, na ce a kai kasuwa. Tun abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife da 'yan Islamiyya a dam ɗin Watari suna hanyar zuwa Mauludi, gabana faɗuwa yake in na ga an cika kwalekwale.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Lokacin zafinku da namu ba ɗaya ba ne. Ku can Yuni zuwa Agusta ne kuke gudun zafi ku hau tudu. Mu namu Maris zuwa Mayu ne, lokacin ciyawa ta ƙone, ƙoramu sun ƙafe, dutse ya zama tanda. In ka sauka a Agusta, marka za ka tarar. Babu zafin da za mu gudar wa. A lokacin ne kuwa duwatsu suke yin kore, ruwa yake cika, wurin yake kama da hotonka, kuma a lokacin ne manomi ba shi da ranar kansa. Shi ya sa, ina ga, ba mu gaji wannan al'ada ba. Sanda wurin ya yi kyau muna duƙe a shinkafa, sanda muka samu sarari wurin ya bushe. Fulani ne kawai suka san tudu da damina, su ma shanu suka kai su.

In sanyi na gaske kake so, sai an hau sama. Tiga iskar ruwa ce kawai, da ka bar bakin tafkin zafi zai karɓe ka. Abin da muka koya a sakandare gaskiya ne, duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa wajen 1,200 take, duwatsun Shere da ke gabashinta sun haura 1,800. Na shaida wannan da jikina shekarar da na bi motar kaya zuwa kasuwar Farin Gada. A irin wannan wata ne. Na bar gida da 'yar shara, na kwana a tasha ina karkarwa, sai da wani ɗan dako ya ara mini buhu na lulluɓa. Hanyar ma abin kallo ce. Daga Kwanar Ɗangora ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, ƙasa tana ta hawa, duwatsun yankin Doguwa da Riruwai suna fitowa, inda aka yi haƙar kuza tun zamanin Turawa. Falgore dai da rana ake ratsa shi, ba na son dogon bayani.

A Filato ruwan kan tudu iri-iri ne. Akwai tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, masu kyan gani da mugun zurfi, ba a wasa da su. Akwai tafkunan Kurra, ba Kurarmu ta shinkafa ba, waɗanda aka tare tun zamanin Turawa don samar wa masu haƙar kuza wutar lantarki. Wanda na fi ƙwallafa rai a kansa shi ne Pidong, a ƙasar Mangu, tafkin da yake zaune a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, sai ka hau sannan ka leƙa ka gan shi a ƙasa kamar ruwa a akushi. Mambila kuwa, da gonakin shayinta da Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya, wannan sai ka zama dakta ka fara ɗaukar albashi.

Kuskuren da na yi shi ne ba Inna labarin Pidong. Ta ce ruwan da yake zaune cikin dutse ba ya gudu ba ya ƙafewa, ai da masu shi. Na so in yi mata musu, sai Malam Iro, da ya shigo gaishe ta, ya ɗauko zancen tafkin Nyos na Kamaru. Shi ma irin wannan ramin ne. Daren 21 ga Agustan 1986 iskar da ta taru a ƙarƙashinsa ta taso gaba ɗaya, ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban shanu, da yawa a cikin barci. Na ce iskar gas ce, irin wadda take cikin lemon kwalba, ba mutanen ɓoye ba, kuma ba kowane tafki ne yake tara ta ba. Inna ta ce: “Iska dai ka ce, ko?” Na rasa ta cewa.

Ga yadda na tsara. In Allah ya kawo ka, ka ba ni kwana biyu ka taya ni zuba taki, kada ka ce hannunka ya yi laushi. Sannan mu yi sammako zuwa Tiga, mu hau dutsen nan da hantsi, mu ga ko ruwa ya fara komawa kan farin zanen. Na yi wa dattijon alkawarin goro. Jos kuma sai mun ga yanayin hanya da na aljihu, kuma kai za ka nemo mana izini wurin Inna, tunda ta fi jin maganarka.

Sale yana gaishe ka, Malam Iro ya ce har yanzu bai yarda da hoton ba. Mutanen gidanku duk lafiya, jiya na ga Baba a masallaci. Ka gaida abokan karatunka. In da hali ka taho mini da irin takalmin da na gani a ƙafarka a hoton, mai kaurin ƙasa. Lamba 43 nake sawa.

Naka har kullum,
Isyaku