Rahoton Ayyukan Shekara: Matsayarmu Kan Faɗaɗa Filin Jirgin Kaduna

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan uwa masu sana'ar yankar tikiti, jigilar masu Umara da aika kaya, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a shekarar da ta ƙare.

Tarurrukan wata-wata sun gudana, in ban da na azumi da aka ɗage. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi daban, sai dai ina roƙon waɗanda ake bi kuɗin wata su biya kafin a rufe littafi. An yi wa sababbin membobi bita kan yankar tikiti ta intanet da yadda ake gane bizar bogi. An kuma sasanta membobi biyu da suka samu saɓani kan kuɗin fasinja, ba a kai ga kotu ba. Waɗanda muka rasa a bana, Allah Ya jiƙansu.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne fitar da matsaya kan maganar faɗaɗa filin jirgin saman Kaduna. An yi muhawara mai zafi. Wasu na son mu nemi sabon ɗakin fasinja irin wanda aka buɗe a Abuja a 2018. Kwamiti bai ƙi wannan ba, amma ya ga ba nan gizo ke saƙar ba.

Mu tuna da 2017. Daga ranar 8 ga Maris aka rufe filin jirgin Abuja har mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkato da zirga-zirgar zuwa nan. Kamfanonin Turai sun ƙi zuwa, Ethiopian Airlines kuwa ya zo. Waɗanda suka yi aiki a lokacin sun ga manyan motoci a jere suna kwasar fasinja zuwa Abuja da rakiyar jami'an tsaro, wasu kuma na bin jirgin ƙasa daga Rigasa. An sha cunkoso, amma filin ya ɗauki nauyin. Ashe ba ƙanƙantar gini ce ta rage mana jirage ba. Abin da ya karya mu shi ne Maris na 2022: ranar 26 'yan bindiga suka kutsa ta gefen filin suka kashe mai gadi, kwana biyu bayan haka aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Kamfanoni suka dakatar da zuwa, fasinja kuma ya saba da wata hanya.

Kowa a cikinmu ya san sakamakon. Tsohuwa mai zuwa Umara sai ta bar Tudun Wada kafin asuba, jaka a kai, jika na riƙe da fasfo, ta yi tafiyar sa'o'i a mota zuwa Kano ko Abuja kafin ta ga jirgi. Kuɗin mota da na masauki duk a kanta suke ƙarewa, mu kuma mu sha ƙorafi.

Saboda haka takardar da muka shirya wa hukumomin tarayya da na jiha ta sa tsaro a gaba: katanga mai ƙarfi kewaye da filin, fitilu da sintiri a hanyar da ta tashi daga Mando, sannan a zauna da kamfanoni a samu jadawalin da ba ya canzawa kowane mako. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na biyu shi ne rumfar kaya mai ɗakin sanyi. Busasshiyar cittar Kachia da Kagarko da Jaba hanyarta jirgin ruwa ce, kuma akwai tashar tsandauri ta Kakuri da aka ƙaddamar a 2018, inda ake haɗa kayan da za a kai tashar jirgin ruwa. Amma ɗanyen barkono da kayan lambu ba sa jira, kwana ɗaya a rana ya isa ya mai da riba asara. A ganina, wannan rumfar ta fi wa Kaduna amfani a kan kowane sabon zauren jira.

Sai maganar ƙasa, wadda ba na so mu ɗauke ta da wasa. Filin yana cikin ƙaramar hukumar Igabi, gonakin mutane ne kewaye da shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta amfanin gona ce da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya gaji gona daga kakansa yana iya tashi da kuɗin masarar shekara ɗaya. Wakilanmu sun kai gaisuwa wurin masu unguwanni, sun saurari dattawa. Mun rubuta cewa duk awon da za a yi a yi shi a bainar jama'a, taswira ta fito tun da wuri, a kuma biya kafin a kafa turke. Mu ne za mu ci moriyar faɗaɗawar, bai kamata mu yi shiru a kan haƙƙin maƙwabtan filin ba.

A shekara mai zuwa muna buƙatar hujja a hannu. An raba wa kowane ofishi fom don rubuta yawan fasinjan da yake turawa ta Kano da Abuja duk wata, ba tare da sunayensu ba. Da wannan lissafin za mu tunkari kamfanonin jirage. Don Allah a cike a dawo da shi ofishin sakatare kafin taron wata mai zuwa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa, Kaduna.