Sani, kar ka tura takardar nan tukuna

Assalamu alaikum Sani. Ya Ikeja, ya fama da cunkoso? Mu nan Agege lafiya lau, sai zafi da rashin wuta.

Na ga amsar da ka turo min a WhatsApp wadda za ka mayar wa mutanen da suka ɗauke ka aiki, don Allah dakata. Ka rubuta "I except the offer". Accept shi ne karɓa, except kuwa "ban da" ne, ware abu gefe, ka ga kenan mai karantawa sai ya tsaya yana tunanin ko ƙin aikin ka yi. A baki kusan ɗaya suke shi ya sa kunnenka ya yaudare ka. Can ƙasa kuma ka sa loose a inda kake nufin lose, mai o biyu sako-sako ne kamar wandon da mazaginsa ya kwance, mai o ɗaya shi ne yin asara.

Ni ma na sha nawa fa. Shekarar da na fara kai raguna kasuwar Alaba Rago da ke Ojo wani Bayarabe ya tambaye ni sana'ata, na ce masa ship nake sayarwa, mutumin nan ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki wai to me nake yi a Ojo, ai Apapa ya kamata in koma wajen jiragen ruwa. Ashe sheep sai an ja wasalin. Ga p da f da suka zame mana ɗaya, na taɓa neman fanka a shago yarinyar ta miƙo min kaskon suya, wai pan ta ji na ce ba fan ba. Amma wannan kasuwa ce, ka nuna da hannu a yi dariya a wuce. Takarda ba ta da hannun nunawa.

"Borrow me" ɗin nan ma da kowa ke faɗa a motar haya ta danfo, ya zo daidai da "ara min" namu, amma a rubutun ofis mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa borrow.

Kuma kar ka dogara da waya ta gyara maka, duka kalmomin Turanci ne ba za ta ja musu jan layi ba. Buɗe ƙamus ka karanta jimlar misalin, ba ma'anar kaɗai ba.

Gyara ka sake turo min kafin magariba. Ummanka ta ce ka zo ran Lahadi, za ta yi tuwo miyar kuka. Allah ya yi maka albarka.

Babanka