Sanarwar taro kan kula da dattawa da masu jinyarsu

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan'uwa na wannan rukuni.

Ana gayyatarku taro ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, a makarantar firamare ta unguwa, domin mu tsara takardar koken da za mu miƙa wa ɗan majalisarmu na jiha kafin 1 ga Oktoba, Ranar Tsofaffi ta Duniya.

Tun 2021 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsofaffi, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sanya su cikin masu raunin da ya kamata a tallafa wa, amma har yanzu ɗa ko suruka ke sayen maganin hawan jini da na suga daga aljihu, wata ma ta rufe sana'arta saboda jinya. Za mu nemi jiha ta yi wa dattawa rajistar inshora kyauta, ta kuma ware wa masu jinya tallafi a kasafin kuɗi.

Kowa ya zo da bayanin dattijon gidansa: shekaru, ciwon da ke damunsa da kuɗin maganinsa na wata, amma a nemi izininsa tukuna. Wanda jinya ta hana shi fitowa ya turo saƙon murya.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa iyayenmu lafiya.

Sakataren rukuni