Dalilin da ya sa masu son waƙa ke kashe fitila kafin su saurara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in kare wata ɗabi'a da wasu ke ɗauka iyayi ce kawai, wato mutum ya kashe kuɗi ya sayi lasifika mai kyau, amma ba zai zauna sauraro ba sai ya kashe fitila.

Duhu ba ya ƙara wa sauti komai, domin abin da lasifika ke fitarwa da rana shi take fitarwa da dare. Mai sauraron ne yake canzawa. Ido yana cinye kaso mai tsoka na hankalin mutum, har ma yakan yi wa kunne katsalandan. A shekarar 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, sun nuna cewa idan aka kunna wa mutum muryar da ke cewa "ba" alhali yana kallon leɓen da ke furta "ga", sau da yawa "da" zai ji. Idan har ido yana iya sauya harafi guda, to ba abin mamaki ba ne ya hana mu jin rabin abin da makaɗi ya zuba a waƙarsa.

Duk wanda ya taɓa sauraron Ibrahim Narambaɗa a tsakar gida lokacin bazara, bayan an ɗauke wuta kuma ƙarar babura ta lafa, ya san abin da nake nufi. A nan ne kunne ke rarrabe bugun kotso ɗaya da ɗan'uwansa, ya ji inda 'yan amshi suka karɓe tun kafin uban waƙa ya dire, ya kuma kama habaicin da aka sakaya a cikin kirari, wanda da rana sai dai ya wuce mutum yana gyaɗa kai bai fahimta ba. Shirun dare ma yana da nasa rabon, tun da ƙananan sautuka ba sa nitsewa a hayaniya, kuma ba sai an ƙure murya har maƙwabta su kasa barci ba.

Mu Hausawa bai kamata abin ya zama mana baƙo ba, ganin cewa da dare kakanninmu ke yin tatsuniya. Abin da ke damuna shi ne matasanmu yanzu kallon waƙa suke yi a fuskar waya, har wani ya iya faɗa maka kalar rigar mawaƙi amma ya kasa kawo baiti guda.

Saboda haka ina kira ga Gidan Rediyon Rima da sauran tashoshin Sakkwato da su ware lokaci bayan sallar isha'i na waƙoƙin fada da na noma, a bar kowace waƙa ta kai ƙarshenta ba tare da an katse ta da talla ko gaishe-gaishe ba.

Naka mai karatu,
daga Runjin Sambo, Sakkwato