Zuwa ga ɗana, kan kayan da ba a ɗorawa a keken shanu

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji dattawan ikilisiyarku sun danƙa maka kula da kayan Jibin Ubangiji, na kuwa yi murna. Sai dai kafin hannunka ya saba da su, ina so ka zauna ka karanta Littafin Ƙidaya sura 4, surar da mutane da yawa ke tsallakewa don suna ganin lissafin kaya ne kawai.

A can za ka ga cewa duk lokacin da Isra'ilawa za su tashi daga zango, Haruna da 'ya'yansa, wato firistoci, ne ke fara shiga alfarwa ta sujada. Su ne za su sauke labule su rufe Akwatin Alkawari da shi, su ɗora fata, sannan su shimfiɗa shuɗin zane a bisa. Teburin gurasa kuma shuɗin zane ake fara sa masa, a jera kwanoninsa, a rufe da jan zane, a bi da fata. Bagaden hadaya sai an kwashe tokarsa tukuna a shimfiɗa masa zane na shunayya. Sai an gama wannan duka ake kiran 'ya'yan Kohat, ɗaya daga cikin dangogin Lawiyawa masu hidimar alfarwar, masu shekara 30 zuwa 50, su zo su ɗauka, kuma an hana su taɓa kayan ko leƙa su ko da na ƙiftawar ido, don kada su mutu. Ka dubi lamarin da kyau: mutum zai yi shekara 20 yana ɗaukar abin da bai taɓa gani da idonsa ba, kuma ba a ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci a gare shi ba.

A sura 7, shugabannin kabilu sun kawo kekunan shanu 6 da bijimai 12. Musa ya raba su ga sauran dangogin Lawiyawa don ɗaukar kayan alfarwar, ya ba 'ya'yan Gershon kekuna 2, ya ba 'ya'yan Merari 4, amma 'ya'yan Kohat bai ba su ko ɗaya ba, domin nasu kayan a kafaɗa ake ɗauka, da sandunan da aka ce kada a zare su daga zobban akwatin.

Da wannan a ranka za ka fahimci abin da ya sami Uzza a 2 Sama'ila sura 6. Sarki Dawuda ya tafi ɗauko akwatin daga gidan Abinadab da waƙa da kaɗe-kaɗe, aka ɗora shi a sabon keken shanu, irin yadda Filistiyawa suka yi sa'ad da suka mayar da shi bayan sun ƙwace shi a yaƙi. Da aka kai masussukar Nakon shanun suka yi tuntuɓe, Uzza ya miƙa hannu ya riƙe akwatin, nan take ya mutu. Ni dai ina tausayin Uzza, don ba na jin mugunta ce ta sa shi miƙa hannu. A ganina laifin ya fara ne tun daga ranar da aka zaɓi keken, gama da a kafaɗar Lawiyawa akwatin yake, da tuntuɓen shanu bai shafe shi ba. Kuma Uzza ɗan Abinadab ne, akwatin ya shekara da shekaru a gidansu, sabo kuwa shi ke kawo raini. Dawuda da kansa ya yarda, a 1 Tarihi sura 15, cewa ba su bi ƙa'ida ba a karon farko, shi ya sa bayan wata 3 da akwatin ya yi a gidan Obed-edom, Lawiyawa ne suka ɗauko shi a kafaɗunsu.

Ba ina cewa ƙoƙon da za ka riƙe Akwatin Alkawari ne ba, kuma ba na so ka yi aikin cikin fargaba. Abin da nake nema shi ne ka riƙa zuwa da wuri don kada gaggawa ta sa ka nemi hanya mai sauƙi, ka wanke kayan da hannunka maimakon ka tura yara, kada kuma ka haɗa su da kwanonin cin abinci ko ka ba wani aronsu don biki. Ka je wurin dattijon da ya riƙe aikin kafin kai, ka roƙe shi ya nuna maka yadda yake naɗe mayafin teburin da inda yake ajiye shi.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka ƙwarai.

Ni ne,
Mahaifinka